Tsohuwar Land Cruiser ko Sabuwar Hilux: Yadda Wani Mai Sayen Shanshera a Argungu Ya Zaɓi Motar Shiga Fadama

Wannan bayani ya shafi wani ɗan kasuwa mazaunin Argungu da ke sayen shinkafa shanshera daga hannun manoman fadamar Rima yana kai wa masu injinan casa, da kuma yadda ya yanke shawarar motar da zai saya ya gyara domin shiga ƙauyuka. Tun da aka ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoma rance a Birnin Kebbi cikin Nuwamban 2015, manyan masana'antun casa kuma suka soma saye gadan-gadan, cinikin shanshera ya fita daga hannun mai zama a kasuwa yana jiran a kawo masa. Wanda ya ba manomi taki da iri da man injin ban-ruwa tun farkon aiki, ya kuma riƙa leƙa gonar, shi ne ke da rabo ranar girbi. Saboda haka Alhajin yana buƙatar motar da za ta ɗauki mutum huɗu ko biyar, da sikeli, da buhunan taki, da jarkokin fetur, wani lokaci har da injin ban-ruwa, ta kai su inda babbar mota ba ta zuwa, ta kuma dawo da su gida kafin magariba, domin yanayin tsaro a yankunan Augie da Arewa bai bar wa kowa damar kwana a daji yana jiran bakanike ba.

Hanyoyinsa iri uku ne, kuma kowace da abin da take nema daga mota. Akwai kwalta, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato, wadda ita ce ke cin mafi yawan tafiyarsa ko da yake ba ita ce ke damun sa ba. Akwai yashi mai zurfi idan aka nufi wajen Kangiwa da rani. Sai kuma baƙar lakar fadama a watannin Agusta da Satumba, lokacin da ruwan sama ya haɗu da wanda ake saki daga madatsun Goronyo da Bakolori, inda sawun tarakta da na amalanke ke haƙa ramuka biyu su bar tudu a tsakiya. Wannan tudun ne ke kafe yawancin motoci, domin cikin motar yakan hau kansa, tayoyin kuma su yi ta juyawa ba su taɓa ƙasa mai ƙarfi ba. Duk wanda ya ga ambaliyar 2020 a Kebbi ya san cewa akwai wuraren da sai kwalekwale, kuma Alhajin bai sa su cikin lissafinsa ba.

Motoci uku aka kawo masa. Ta farko Land Cruiser ce samfurin 80 ta shekarar 1996, mai injin gas, wadda wata ƙungiyar agaji ta yi aiki da ita kafin ta bi ta hannaye da dama. Ta biyu Hilux ce mai gida biyu ta 2019, mai injin gas na lita 2.4, wadda ɗan yayarsa da ke riƙe masa lissafi ya ƙwallafa rai a kanta. Ta uku ita ma Hilux ce mai gida biyu, amma ta 2013, mai injin fetur na lita 2.7 da giyar hannu, wadda wani kamfanin gine-gine ya sayar. Kuɗin da ya ware zai sayi ta 2019 ya ƙare ƙaƙaf, zai sayi ta 2013 ya bar abin gyara mai kauri, ita kuwa tsohuwar ba ta kai rabin kuɗin ba. A nan ne muhawarar ta fara, domin bakaniken da ya shekara da shekaru yana duba masa motoci tsohuwar ce ta kwanta masa a rai, kuma yana da hujjoji masu nauyi.

Hujjarsa ta farko ƙafar gaba ce. Land Cruiser 80, wadda kamfanin Toyota ya ƙera daga 1990 zuwa 1997, tana da sandararren aksul, wato ƙarfe guda da ya haɗa tayar dama da ta hagu, gaba da baya, kowane a kan naɗaɗɗen sifirin. Idan tayar dama ta hau tudu, aksul ɗin gaba ɗaya yakan karkata ya danna ta hagu cikin rami, don haka tayoyin huɗu suna daɗewa a kan ƙasa, kuma tazarar da ke tsakanin tulun aksul da ƙasa ba ta canzawa komai tsallen da motar ta yi. Ɗaga irin wannan mota aiki ne mai sauƙi: a sauya sifirin huɗu da shokazoba huɗu, a gyara kusurwar aksul ɗin gaba don kada sitiyari ya riƙa yawo, sai ta karɓi taya mai tsayin inci 33 ba tare da wata wahala ba. Hilux ɗin biyu kuwa, kamar duk waɗanda aka ƙera tun daga samfurin 2005, kowace tayar gaba da hannuwanta take tafiya, ana kai mata ƙarfi ta gajeren shaf mai gwiwa biyu cikin roba. Wannan tsari ya fi daɗin tuƙi a kan kwalta nesa ba kusa ba, amma idan aka ɗaga motar fiye da inci biyu, shaf ɗin yakan karkace fiye da kima, robarsa ta yage, laka ta shiga gwiwar ta cinye ta, boljoyin kuma ya riƙa mutuwa da wuri.

Hujja ta biyu inji ne. Injin 1HZ mai silinda shida da lita 4.2 ba shi da tobo, ba shi da birenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, kuma a wannan motar waya ɗaya ce tak ke kai masa wuta. Duk bakaniken da ya taɓa kwance injin tarakta ko na babbar mota zai gane kansa. Yana jure gas marar kyau fiye da sababbin injina, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da wani lokaci dole ta sa ya sha mai a hannun 'yan bumburutu a kasuwar ƙauye. Bakaniken ya faɗa masa a gaban kowa: “Alhaji, motar ga in ta mutu cikin daji, da sifana da filaya ni ka tada ta. Waccan kuwa sai an zo da kwamfuta daga Sakkwato.”

Ɗan yayar bai musa wannan ba, amma ya kawo nasa lissafin, kuma a ganina ba a yi masa adalci ba da farko, domin an ɗauka ƙuruciya da son sabon abu ne ke jan sa. Injin 2GD na motar 2019 ƙarami ne a jiki, amma ƙarfin jansa ya zarce na 1HZ da tazara mai yawa, kuma ya fi shi tsimin mai sosai. Motar tana da jakar iska mai kare direba, da birkin da ba ya ƙamewa, da na'urar da ke hana ta juyewa idan ta zame. Abin da ya fi muhimmanci ga fadama shi ne tana da makullin aksul na baya, wanda ke tilasta wa tayoyin baya biyu juyawa tare ko da ɗaya na lilo a sama, sannan tana da tsarin da ke taka wa tayar da ke juyin banza birki don ƙarfin ya koma ga wadda ta kama ƙasa. Kamfanin Toyota ya ce tana iya ratsa ruwa mai zurfin milimita 700. Ma'anar duk wannan ita ce, abubuwan da mutum zai kashe kuɗi ya ƙara wa tsohuwar mota, sabuwar ta zo da da yawa daga cikinsu tun daga masana'anta. “Kawu,” in ji shi, “kuɗin gyaran da ake cewa ba za mu samu ba, me za mu gyara? Taya kawai za mu sauya.”

Raunin wannan magana yana cikin man da motar za ta sha. Sababbin injinan gas suna feso mai ne da matsin da ya ninka iskar taya sau ɗaruruwa, ta cikin hudojin nozul masu tsananin ƙanƙanta, don haka ɗan ruwa ko ƙura ko kananzir da aka gauraya cikin gas ya isa ya lalata injekta da famfon baki ɗaya. Ba a kwance irin waɗannan a ƙarƙashin bishiya, sai an sayo sababbi an kuma shigar da lambobinsu cikin birenbos, kuma kuɗin saiti ɗaya yana iya cinye ribar kaka guda. Ƙari a kan haka, giyar ogzilari ta motar 2019, wato giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja tare, da maɓalli ake sa ta, ɗan injin lantarkin da ke tura ta kuma yana ƙarƙashin motar, daidai inda ruwan laka ke kwanciya. Mutumin da ya zuba duk abin da ya ware wajen saye, bai bar ko sisi na ranar lalacewa ba, ya jingina kasuwancinsa ne ga sa'a. Ba na cikin masu ganin cewa duk abin da ke da sensa abin gudu ne, domin waɗannan na'urori sun ceci rayuka masu yawa a kan hanya. Abin dubawa shi ne, idan abin ya tsaya, a ina zai tsaya, wa zai gyara shi, kuma nawa zai ci.

Da wannan aka ajiye ta 2019, sai hankali ya koma kan tsohuwar, aka kai ta gareji aka hau da ita kan rami. Abin da aka gani shi ne ya sauya alƙiblar maganar. Shasin lafiya lau yake, ba walda ba lanƙwasa, wanda shi ne abu na farko da ake dubawa. Amma gwiwoyin aksul ɗin gaba biyu suna zubar da baƙin mai gauraye da giris, alamar cewa sai an kwance su an sauya sil da boris. Lagireton ya sha faci, injin yana fitar da farin hayaƙi da safe, bushin ɗin ƙafafu duk sun farfashe, birki ya yi laushi, masu gyaran waya kuma sun yi ta yanka da ɗauri har ba a san wace waya ke zuwa ina ba. Mitar tafiya ta daɗe da tsayawa, saboda haka babu wanda ya san ranar da aka sauya bel ɗin tayimin, alhali a wannan injin ana sauya shi ne bayan kimanin kilomita 100,000, kuma idan ya tsinke fistin da bawul ne ke karo. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya gagari gyara. Matsalar ita ce dukkansu sai an gama da su kafin a fara maganar ɗagawa ko taya, domin ɗora manyan tayoyi a kan gajiyayyen birki da mataccen boris neman hatsari ne.

Sannan kayan gyaran ba a Argungu suke ba. Na asali sai an aika Kofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Legas, kuma ga motar da ta kusa shekara 30 yawancin abin da za a samu ko dai wanda aka kwance daga wata tsohuwar ne, ko kuma jabu cikin kwali mai sunan kamfani. Ba a kuma iya cewa a shigo da wata mai ɗan sauran ƙarfi daga waje, tunda an hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu a Janairun 2017, a 2022 kuma hukumar kwastan ta rage shekarun motar da za a iya shigowa da ita daga 15 zuwa 12. Duk Land Cruiser 80 da ake gani a kasuwa yanzu ta riga ta sha wuyar hanyoyinmu. Da aka haɗa kuɗin saye da na mai da ita hayyacinta da na ɗagawa, sai jimillar ta kusa kamo ta Hilux 2013 da gyaranta, ga kuma makonnin da za ta kwashe a gareji damina na ƙaratowa.

Duk da haka, abin da ya raba gardamar ba kuɗi ba ne. Land Cruiser 80 rufaffiya ce, ba ta da bodin ɗaukar kaya, wanda ke nufin jarkokin fetur da buhunan taki da maganin feshi za su zauna ɗaki ɗaya da mutane, cikin zafin Afrilu, gilasai a rufe saboda ƙura. Alhajin da kansa ya ce ba zai sa yaransa cikin wannan ba. Na biyu kuma, injin da ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, a cikin motar da ta haura tan biyu, idan aka ƙara masa manyan tayoyi da kaya, wuce tirela a kan hanyar Sakkwato yakan zama doguwar addu'a, ga shi wannan motar ba ta da jakar iska ko ɗaya. Bakaniken yana auna motar ne da wuri mafi muni da za ta shiga, wanda bai wuce 'yan makonni a shekara ba, alhali sauran watannin duka a kan kwalta da yashi za ta yi su.

Hilux ta 2013 ba ta fi kowace daga cikin biyun a fagen da kowace ta yi fice ba, kuma babu wanda ya yi ɗokinta. Abin da take da shi shi ne injin 2TR, wanda ke amfani da sarƙa a madadin bel ɗin tayimin, wanda kuma ya cika ƙasar nan saboda shi ne ke cikin yawancin motocin 'yan sanda da na ma'aikatu da na kamfanoni, tun zamanin da tallafi ya sa fetur ya fi gas araha da nisa. Tana da birenbos, amma irin wanda masu gyaran waya na Birnin Kebbi da Jega suka saba da shi, kayan gyaranta kuma ana samun su a shagunan cikin jihar. Giyar ogzilarinta da sanda ake ja. Aibinta shan mai ne, wanda ya ƙara nauyi tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, sai kuma rashin makullin aksul. Kafin a biya kuɗi an kai ta kan yashi an sa ogzilari an tabbatar tayoyin gaba suna ja, domin akwai masu cire firofelar gaba idan ta fara ƙara su sayar da motar a haka. An kuma duba cewa sitiyarin na asali ne a hagu, ba wanda aka ciro daga dama ba, an kuma gwada lambar shasi da ta takardun kwastan.

Gyaran da aka yi mata bai kai abin da ake gani a hotunan intanet ba, kuma da gangan aka taƙaita shi. An fara da taya, domin ɗaga jikin mota ba ya ƙara ko ɗan yatsa tsakanin tulun aksul na baya da ƙasa. Tsayin taya ne kaɗai ke yin wannan, shi ma rabin abin da aka ƙara ake samu. An cire 205R16 da ta zo da su, masu tsayin kusan inci 29, aka sa 235/85R16 masu manyan haƙora, waɗanda suka kusa inci 32, aka samu ƙarin kusan inci ɗaya da rabi. An zaɓi siririya mai tsayi maimakon mai faɗi saboda tana yanka laka ta taɓo ƙasa mai tauri, tana zama cikin sawun da aka riga aka bari, ba ta kuma gogar jikin motar idan an karya sitiyari. An ɗaga gaba da inci biyu kacal, an ƙara wa sifirin baya ganye ɗaya saboda kaya. An ɗaura farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji da giyabos. An ja bututun shaƙar iska zuwa saman gilashi, wanda amfaninsa a ƙurar hunturu bai gaza na cikin ruwa ba. Sai wani ƙaramin aiki da mutane ke rainawa: aksul da giyabos suna da 'yar hudar numfashi, kuma idan ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi yakan zuƙo ruwan ta nan, man ciki ya koma kamar kunu, don haka aka ɗaura musu siririn tiyo aka kai shi sama cikin gidan inji.

Ɗan yayar ya so a sa katuwar bambar ƙarfe da winci, wato injin naɗe igiya mai jawo mota idan ta kafe, mai aiki da batir, amma aka ƙi. Nauyinsu a haɗe ya kai kimanin buhun taki biyu, kuma duk kilo da aka rataya wa mota an rage shi ne daga abin da za ta iya ɗauka. Bayan haka, winci yana buƙatar abin da za a ɗaura igiyarsa, fadamar shinkafa kuwa ba ta da itatuwa. Maimakon su sai aka sayi igiyar ja mai ƙarfi, da shebur biyu, da katakai masu kauri, da famfon taya mai aiki da batir, domin a yashi rage iskar taya ya fi duk wani ƙarfe da za a ɗaura amfani. An kuma gargaɗi direban kan abu uku: kada ya bar ogzilari a kan busasshiyar kwalta domin yana murɗe firofela da giya, kada ya jibga kaya masu nauyi a bayan aksul na baya domin haka ne shasin mota mai gida biyu ke lanƙwashewa a bayan gidan, sannan ya tuna cewa da sababbin tayoyin idan mita ta nuna 100 gudunsa ya kusa 110.

Motar ta yi damina guda da rani guda a wannan aiki. Ta kai ga yawancin ƙauyukan da ake so a kai, amma akwai mashigar da ke wajen Augie inda ta kafe, tayar gaba ɗaya da ta baya ɗaya suna juyin banza, har sai da tarakta ta jawo ta. Bakaniken ya ce Land Cruiser da ta wuce wurin, kuma ina ganin gaskiyarsa ce. Ita ma ta 2019 da makullinta da wuya ta tsaya a nan. Robar shaf ɗin gaba ta yage, aka gano da wuri aka sauya ta a cikin garin Argungu a yini ɗaya. Shan mai ya ƙaru a fili, motar kuma ta yi nauyin tashi idan an cika ta da kaya, wanda shi ne farashin dogayen tayoyi a kan injin lita 2.7. Laka tana cika gangar birkin baya, don haka duk bayan shiga fadama sai an kwance an wanke, in ba haka ba takalmin birkin ya cinye cikin ɗan lokaci.

Da a ce mai wannan lamari manomi ne da ke zaune a cikin fadamar, ba ya hawa kwalta sai jefi-jefi, yana kuma da wata motar ta ɗaukar kaya, da ni ma na goyi bayan bakaniken a sayi tsohuwar a farfaɗo da ita a hankali. Da kuma a ce kamfani ne mai tankin gas nasa da asusun gyara, da ta 2019 ce ta dace. Shi Alhajin abin da ya rage masa yanzu shi ne batun makullin aksul na baya, wanda ana iya sayowa a ɗaura wa motar 2013. Bakaniken ya nemi a jinkirta har sai an samo wanda ya taɓa ɗaura irinsa a Kano ko Kaduna, domin aikin yana buƙatar a daidaita haƙoran cikin aksul da ma'auni, kuma an tsayar cewa za a yi shi bayan an sayar da shinkafar rani, kafin ruwan Yuni ya sauka.